Ranar da Direbobin Jirgi Suka Ci Tukunya Ɗaya

A unguwar nan in aka ce Inna Rediyo, ko ɗan goye ya san ƙofar gidan. Ba ita ta raɗa wa kanta sunan ba, amma ba ta taɓa musantawa ba. Takan ce, "To ni me zan yi? Wasu Allah ya ba su ciki mai zurfi, ni ya ba ni rariya." Magana in ta shiga kunnenta da hantsi, kafin rana ta karkata ta je bakin kasuwa ta dawo, har ta yi ƙiba a hanya.

Ɗanta na ƙarshe, Auta, direban jirgin sama ne. Ita dai haka take faɗa, ko da yake kullum sai ya gyara mata ya ce matuƙi. Ba irin manyan jiragen nan masu tsallake teku yake ja ba. Ƙananan nan ne masu farfela biyu, da ke tsalle daga wannan gari zuwa wancan kamar fara, su zube mutane su kwashi wasu, tun safe har duhu. Amma in Inna na ba da labari a shagon ƙawarta Mai Ɗinki, jirgin ƙara tsawo yake yi kowane mako.

An ce a sama babu mai natsuwar Auta. A ƙasa kuwa ko riga ba ya iya zaɓa. Ka tambaye shi shayi zai sha ko ruwa, sai ya ce duk wanda ya samu. Inna takan ce gadon ubansa ne, marigayi, wanda ya yi ta shawarar sayen keke har aka daina yayinsa.

To, watanni ke nan direbobin kamfanin suna ta ƙus-ƙus a kan ko su shiga ƙungiyar ƙwadago ko kada su shiga. Matasan sun ce sun gaji: a sauka bayan duhu, kafin barci ya yi daɗi an kira ka ka dawo, in ka ce ka gaji a ce kai rago ne. Manyan kuwa sun ce kamfanin ƙarami ne, ƙungiya za ta shaƙe shi kowa ya rasa. Manaja da ya ji ƙishin-ƙishin sai ya tara su, ya ce duk wanda ya buɗe ƙofar gidansa aka yi taron ƙungiya, ya zo ya ajiye hularsa a kan tebur ya kama gabansa.

Yawancinsu a gidajen kamfani suke zaune, kusa da filin jirgi, inda in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu. Auta kaɗai ke can bayan gari, a tsohon gidan ubansa, shi da matarsa Malama da yaransu da Inna. Saboda haka Dogo, mataimakin da suke yawan tashi tare, wanda shi ne uban zuga a maganar ƙungiya, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kyaftin, a falonka za a yi." Auta ya buɗe baki zai ce a'a, bai samu inda a'ar take ba, ya rufe.

Da ya dawo gida ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, don girman Allah, wannan karon a kashe rediyon. In Manaja ya ji, aikina ya tafi."

"Kai Auta, ni za ka gaya wa riƙon sirri? Ni da na san abin da ya raba mai gyaran famfo da matarsa ban taɓa faɗa wa kowa ba?"

"Inna, ai ke kika faɗa min."

"Kai ai ɗana ne, ba kowa ba ne."

Ta yi rantsuwa, kuma ta riƙe ta har washegari. Mai Ɗinki kaɗai ta gaya wa, ita ma a kunne ɗaya. Sai da maganar ta gama fita sannan ta tuna 'yar ƙanwar Mai Ɗinki ce ke kai shayi ofishin Manaja. Sai ta lallashi kanta cewa ai yarinyar ba ta da surutu sosai.

Baƙi irin waɗannan kuwa ba za su shigo gidanta su fita da baki a bushe ba. Ta tafi kasuwa, mai kifi ya nuna mata wasu manya guda uku, ya karya mata kuɗin har ita kanta ta yi mamakin iya cinikinta. Ta kawo ta zuba a firji. Wuta kuwa tun shekaranjiya aka ɗauke, firjin ya zama akwati kawai mai ƙofa.

Ranar taro Malama ta shigo kicin ta taya ta aiki, ta ja hanci, ta sake ja.

"Inna, kifin nan fa kamar yana magana."

"Kifi ai dole ya yi ƙarni. Ba turare na sayo ba."

"Ba ƙarni ba ne wannan. Dubi idonsa, ya faɗa ciki."

"Ni ma idona ya faɗa ciki, an zubar da ni? Miƙo min citta."

A gaskiya ita ma hancinta ya gaya mata. Amma a ce surukarta, yarinyar da ta koyi girki a littafi, ita ce za ta fara gano laifin kifi a kicin ɗinta? Ta zuba citta, ta zuba tafarnuwa, ta danna barkono har sai da warin ya ji kunya ya ɓuya. Ta dafa shinkafa, miya kuma ta cika babbar tukunyar nan tata mai kunnuwa biyu.

Da la'asar direbobi suka fara isowa, a ɓoye wai. Kowa ya ajiye motarsa nesa, ya sa kayan gida don kada a gane shi. Sai dai dukkansu da baƙin tabarau iri ɗaya, da agogo kamar faifai a hannu, suna tafiya a jere ƙirji a gaba. Mai shagon kan kwana ya leƙo ya ce, "Lafiya direbobin jirgi suka cika layin nan?"

Inna ta ɗauki 'yar kujerarta ta dasa bayan labulen falo, ta ɗora faranti a cinya kamar mai tsintar shinkafa.

Dogo ne ya fara, yana magana yana sarar iska da hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji shi, kuma wanda bai shiga ba matsoraci ne. Sai babbansu ya yi gyaran murya. Wani dattijo ne mai furfura a gira, suna ce masa Sannu-Sannu, don ko gobara ake yi ba ya ɗaga ƙafa da sauri.

"Yaro, lokacin da na fara aiki a kamfanin nan jirgi ɗaya gare mu, shi ma sai an lallaɓa shi yake tashi. Ku kun zo kun tarar da inuwa kuna neman gatari. Garin neman gira kada ku rasa ido."

"Baba, inuwar da ba a barci a cikinta?"

"Barci? Wanda ke son barci ya je ya yi gadi."

Aka yi dariya, aka yi tsaki. Mace ɗaya ce a cikinsu, 'yar siririya, suna kiranta Shirwa. Sai ta ajiye kofinta ta ce, "Ran nan muna sama, na juya na ga kyaftin ɗina yana gyangyaɗi. Na ji haushi, zan tashe shi. Sai na gane ni ma farkawa na yi."

Falon ya yi tsit. Inna a bayan labule ta dafe ƙirji. Abin ya tsorata ta ƙwarai, kuma, Allah ya yafe mata, a lokaci guda tana lissafin yadda fuskar Mai Ɗinki za ta yi in ta ji wannan.

Ganin shirun ya yi yawa, ta miƙe ta ce wa Malama a kawo abinci. Aka dire tukunya a tsakiyar falo, ƙamshin barkono ya turnuƙe. Sannu-Sannu ya dubi tukunyar, ya leƙa bayan Malama.

"Inna, ina ɗayar?"

"Ɗayar me?"

"Ɗayar tukunyar. Ai mu a aikinmu kyaftin da mataimakinsa ba sa cin abinci iri ɗaya in za su tashi. Doka ce. In cikin ɗaya ya ɓaci, ɗayan ya riƙe jirgi. Mu nan kuwa kusan duk gobe da safe muna da tashi."

Inna ta kama ƙugu. "Wato abincina ne zai ɓata ciki? Kafin a haifi uwar wasunku nake girki. Auta, ka tara min mutane su zo su zage ni a ɗakina?"

Auta ya dubi uwarsa, ya dubi Sannu-Sannu, ya dubi silin.

Dogo kuwa ya samu abin da yake nema. Ya miƙe tsaye. "Kun ji ko? Da haka suke raba mu! Kyaftin da kwanonsa, mataimaki da kwanonsa. Yau kam tukunya ɗaya za mu ci, babba da yaro!" Ya kama ludayi ya zuba. Matasa suka yi masa tafi suka bi layi. Manyan suka ga in sun ƙi za a ce girman kai ne, kuma ga tsohuwa tana hararar su, ga ƙamshi. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙa faranti. Sannu-Sannu ne na ƙarshe, yana gunaguni, amma shi ya ci kan kifin, har ya nemi ƙari.

Malama ta ce ta ƙoshi, ta ja yaranta ɗaki ta ba su shayi da burodi. Inna kuwa ko loma ba ta kai baki ba, don ta koma bayan labule kada a yi wata magana ba ta nan.

Da aka zo ɗaga hannu, rabi suka ce a shiga, rabi suka ce kada a shiga. Saura Auta. Idanu suka dawo kansa. Ya ɗaga hannu a hankali, ya kai shi daidai kunne, ya tsaya yana susa.

"Kyaftin, wannan e ne ko a'a?" in ji Dogo.

"Kunnena ne ke ƙaiƙayi."

Aka watse ba a yanke komai ba, kowa na yaba miya.

Da asuba Inna ta ji ƙofar banɗaki ta buɗe ta rufe. Ta sake buɗewa ta rufe. Kafin gari ya waye sarai ƙofar ta gaji da kanta. Wayar Auta kuma ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, Malama ce ke ɗauka. Matar wannan, ƙanin wancan, kowa da tambaya ɗaya: mai gidanku lafiya ya kwana? Malama tana amsawa tana kallon Inna, ba ta ce mata ko uffan ba. Da ta yi magana ma da ya fi sauƙi.

Da rana ta fito labari ya cika gari, har a rediyon gaske: direbobin jirgi sun shiga yajin aiki, ko jirgi ɗaya bai tashi ba, wai duk sun fake da rashin lafiya. Inna ta zauna bakin gado tana jin yadda wasu ke ba da labarin da ita ta dafa.

Sai Manaja da kansa ya kira. Muryarsa na fita daga wayar har tsakar gida. Ya san an yi taro, ya san a gidan wa aka yi, ya san ma wanda ya zauna kusa da taga. Auta ya zo yanzu ya tashi jirgin rana, ko kuma ya zo da hularsa.

Jim kaɗan Auta ya fito cikin farar rigarsa ta aiki, fuska ta yi fari kamar toka, gumi na bin wuyansa, yana ɗaura maɓalli a ramin da ba nasa ba.

"Ina za ka a haka?" in ji Malama.

"An ce in zo."

"Ka tuƙa jirgi? Da mutane a ciki? Kai da ko tsakar gida ba ka iya ƙetarewa?"

"To in ban je ba me za mu ci?"

Nan Inna ta ga aikin da ta yi. Bakinta ya kai labari ofis, hannunta ya kwantar da kamfani guda, ga ɗanta zai hau sama da ciki a kwance. Ta shiga kicin ta rufe sauran miyar da murfi, ta ɗaure tukunyar da tsumma, ta yafa mayafi.

"Mu je. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

"Inna, kada ki ambaci ciki," in ji Auta.

Malama ce ta ja motar, ta sauke su ta koma wurin yara. Sau biyu suka tsaya a hanya, Auta ya gaisa da masu gidan mai a gurguje.

Filin jirgi ya cika maƙil. Fasinjoji sun zauna kan jakunkunansu suna zage-zage, ƙananan jiragen kuwa suna jere a waje kamar kaji masu kwanci. A barandar ofishin Manaja ga direbobi nan reras a kan benci, don duk an kira su an yi musu barazana iri ɗaya. Ba tabarau yau, ba ƙirji a gaba. Kowa ya zaɓi wurin zama gwargwadon kusancinsa da ƙofar banɗaki. Dogo ya naɗe kamar tabarma.

"Sannunku 'ya'yana," in ji Inna.

Suka ga tukunyar, suka kau da kai gaba ɗaya.

Sannu-Sannu yana ƙarshen benci, ya riƙe hularsa a gwiwa. Ya kama hannun Auta ya ce, ba da ƙarfi ba, "Tun da na fara aikin nan ban taɓa bugo waya na ce ba ni da lafiya ba. Yau na bugo. Ka san abin da mai raba mana aiki ya ce min? Wai in haɗiyi ƙwaya in zo, ai tafiyar ba nisa." Ya girgiza kai. "Ba nisa. Kamar a sama akwai inda ake tsayawa a gefen hanya."

Aka kira Auta. Inna ta bi bayansa da tukunya, ta bar ƙofa a buɗe, don a ganinta magana mai daɗi ba a yin ta a rufe.

Manaja gajere ne mai sanƙo, wayoyi uku a gabansa duk suna ƙara. Kamar ba shi ne ya yi ihu a waya ɗazu ba. Ya ga cincirindon fasinja, ya ga direbobi sun zo sun zauna sun ƙi ko kallon jirgi, jikinsa ya yi sanyi. Ya miƙe har da jawo kujera.

"Kyaftin, zauna. Ɗazu raina ne ya ɓaci. Mu yi magana ta fahimta. Ban san kun haɗa kai haka ba. Me kuke so? In maganar hutu ce tsakanin sauka da tashi, ai ana iya..."

Mai hankali a nan sai ya yi shiru. Amma Inna tun daga gida take tauna jawabinta, kuma ba a taɓa jin magana ta zo mata baki ta koma ba. Ta dire tukunyar kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ba yajin aiki ba ne! Wallahi yaran nan ba su haɗa kai ba, ko kusa. Ina bayan labule na ji komai, rabi da rabi suka yi, shi wannan ma kunne ya sosa. Kifina ne. Ga shi ka shaida."

"Inna..." in ji Auta.

"Yi min shiru, ina wanke ka ne."

Ta kwance tsumma ta ɗaga murfi. Miyar ta kwana, ta sha zafin mota, barkonon ya sallama ya tafi. Manaja ya ja baya har ya bugi kabad. Ya toshe hanci da hankici, ya dubi tukunya, ya dubi Auta, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har da hawaye.

"Zawo! Ashe zawo ne! Ni ina nan ina shirin durƙusawa!" Ya goge ido, fuskar ta koma ta ɗazu. "To madalla, Mama, kin kyauta. Wato ba su da ƙungiya, ba su da haɗin kai. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya ya tara min ma'aikata a gidansa bayan na hana, ya kuma ciyar da su tukunya ɗaya ya karya doka. Kyaftin, hularka."

Inna ta dubi Auta. Ta zo gyaran gira ta tsone ido, kuma idon ɗanta. Ta buɗe baki, karo na farko a rayuwarta ba ta samu komai a ciki ba.

Auta ya cire hular ya ajiye gefen tukunya.

Sai aka ji takun takalmi daga baranda, a hankali, a hankali. Sannu-Sannu ne. Ya shigo dafe da bango, ya iso tebur, ya ajiye tasa hular kusa da ta Auta.

"Ni ma na ci," ya ce. "Ni na ci kan."

"Baba, kai ai ba ruwanka. Kai ne mai hankalin cikinsu."

"Jiya ina da shi. Yau da safe aka ce in haɗiyi ƙwaya in ɗauki mutane."

Shirwa ta shigo ta ajiye tata. Dogo ya rarrafo, ya so ya yi jawabi, cikinsa ya riga shi, ya jefa hular kawai ya juya da gudu. Ɗaya bayan ɗaya suka shigo, masu so da masu ƙi na jiya, har huluna suka kewaye tukunyar, kowa na ajiyewa yana riƙe numfashi.

Manaja ya dubi tarin hulunan. Wayar tsakiya ta yi ƙara, ya ga sunan mai kamfani, bai ɗauka ba. Ya zaro hular Auta daga ƙasa ya miƙa masa, murya ta yi laushi.

"Kyaftin, kai mutum ne mai sauƙin kai, kowa ya sani. Ɗauki. Ka tashi jirgin rana kawai, mutane su ga an fara motsi, in manta da komai. Kai kaɗai nake roƙo."

Inna ta san ɗanta. Ta san yanzu zai dubi silin, ya ce duk yadda aka yi daidai ne. Ta runtse ido.

"Ba zan ɗauki mutane a haka ba," in ji Auta. "Ko yau, ko wata rana. Kuma maganar hutun da ka fara ɗazu, ba da ni za ka ƙarasa ta ba. Da ƙungiya za ka yi. Na shiga."

"Wace ƙungiya? Uwarka ta ce rabi da rabi kuka yi!"

"Jiya ke nan," in ji Shirwa. Ta juya ga sauran. "Wanda ya shiga ya ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi, kowa ɗaya, don ɗayan yana riƙe da ciki. Daga can cikin banɗaki aka ji muryar Dogo: "Ku ƙirga da ni!"

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon Manaja ya ɗauka, ya juya musu baya, ana jin "E ranka ya daɗe, a'a ranka ya daɗe, gobe in sha Allahu, dukkansu ranka ya daɗe." Da ya ajiye sai ya zauna kamar buhun da aka zazzage.

"Kowa ya ɗauki hularsa ya je ya sha magani. Har kai, Kyaftin. In kun warke ku turo min wanda za ku turo."

Aka yi ta laluben huluna, wannan ya ɗauki ta wancan. Sannu-Sannu da zai fita ya tsaya gaban Inna, ya ɗan rusuna.

"Inna, mun gode. Amma taro na gaba kowa zai zo da ƙoshinsa."

A tasi suka koma gida, Auta ya jingina kai da gilashi yana barci, hular a ƙirjinsa ya rungume. Inna tana ta juya labarin a ranta, tana neman yadda za ta ba da shi ba tare da kifi ya fito a ciki ba. Ta gwada ta nan, ta gwada ta can. Duk inda ta cire kifin sai labarin ya rushe, in ta bar shi kuma ita ce a ciki tsamo-tsamo.

Malama na tsaye a ƙofar gida.

"Aikin fa?"

"Yana nan," in ji Inna. "Har da ƙungiya. Ni na tsaya tsayin daka."

Malama ta kama mijinta ta shigar da shi, ta dawo ta dubi hannun surukarta.

"Inna, tukunyar fa?"

Inna ta dubi hannuwanta. Ta tuna teburin Manaja, da murfin da ta ajiye a kan takardunsa, da tagogin ofishin nan da ba a buɗewa, ga rana ta take.

"Na bar masa," ta ce. "Mutum ya yi maka alheri ai ba ka fita ka bar shi hannu rabbana."